Ƙarƙashin Shuɗin Fenti

Shafi na 19

Masu cika mini waya da saƙo tun asuba, ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Baiwar Allahn da ta ce idan 'Yar Kafinta ta sake haɗiye magana za ta daina karantawa: gyara zama, yau da ke nake.

*

Ba ta yi niyyar zuwa ba.

Tun jiya ta gaya wa duk wanda ya tambaye ta. Makarantar da mutanen gari suka yi wata bakwai suna ɗibar yashi da ruwa don a gina, da aka zo kan bencuna sai aka ce wai aikin ƙauye ba ya ƙarko, aka ba ɗan kwangilar birni. To su je su yi taronsu na karɓar bencuna. Ita tana da ƙofar mutane da za ta haɗa.

Amma da babbar motar ta gifta ta gaban shagonta, an lulluɓe kayan da tamfol, sai zarton ya tsaya cak a hannunta.

Ƙafar benci ɗaya ce ta leƙo daga gefe, ta sha shuɗin fenti. An fere ƙasanta ta ɓangare huɗu, yadda ba za ta kankare siminti ba idan yara suka ja.

Mutum ɗaya ta sani a duniya da yake fere ƙafar benci haka: mahaifinta. Yau shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa, kuma ita ya koya wa kafin ya bar mata shagon. Shi ya sa har yanzu, da shekararta arba'in da biyu da 'ya'yanta huɗu, garin bai daina kiranta 'Yar Kafinta ba.

Ko garin katakon da ke jikinta ba ta karkaɗe ba. Ta zura guduma da doguwar ƙusa a aljihun rigar aiki, ta tsallaka shagon Tartsatsi mai walda.

"Kashe injin nan, taso."

Ya ɗage baƙin gilashin fuskarsa. "Ina muka nufa?"

"Kallon kayan birni."

"Ke da kika rantse ba za ki taka wurin ba?"

"Ban rantse ba, faɗa na yi. Taso, Tartsatsi."

Ya dubi fuskarta sau ɗaya, ya kashe injin.

An kafa rumfa a harabar makarantar. Dattawa maza a layin dama, mata a hagu, Hedimasta na ta kai da kawo da lasifika a hannu. Ana jiran jami'ar ofishin da ya ba da tallafin kuɗin aikin, wadda za ta duba bencunan, sannan ta sa hannu a kwangila ta biyu: ƙofofi da tagogi da gadajen ƙaramin asibitin da za a gina.

A gaba, kusa da teburin manyan baƙi, yayanta ne tsaye, shugaban kwamitin ci gaban gari, rigarsa ta sha guga. Da bakinsa, wata biyar da suka wuce, ya tara ƙungiyar masu sana'ar garin da ita ke shugabanta, ya ce ofis ya duba takardunsu ya ƙi.

Yana hango ta, murmushinsa ya ɗauke.

Ɗan Kwangila bai lura ba. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan benci, yana bubbuga shi da makullin mota, yana yi wa dattawa bayani.

"Wannan da kuke gani, inji ne ya yanka shi, ba hannu ba. Shekara ashirin yara za su yi suna tsalle a kai, ko ƙara ba zai yi ba. Ba irin na buga-mu-tafi ba ne. Shi ya sa nake cewa aiki a bar wa masu shi."

Dattawa suka gyaɗa kai. Wani ya ce, "Ai birni birni ne."

"Yallaɓai, ɗan ɗage ƙafarka."

Ya juyo. Ya dube ta tun daga garin katakon da ke gashin girarta har zuwa silifas ɗinta.

"Baiwar Allah, masu shara sai an tashi taro."

Tartsatsi ya yi wani irin tari. Wasu mata a rumfa suka rufe baki.

"Ba shara na zo yi ba," ta ce, "amma idan ta kama, zan yi. Ɗage ƙafarka."

Bai san lokacin da ya ɗage ba.

Ta kama bencin da hannu ɗaya ta kifar da shi, ƙafafunsa huɗu suka kalli sama. Har cikinsa an shafe da fenti. Ta bi mahaɗar ƙafar da babban yatsa. Babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya. Turken katako ne aka doka ya kulle ƙafa da kafaɗa, fenti ya rufe shi, amma yatsanta ya san inda yake kamar yadda harshe ya san haƙori.

"Auta!" Yaya ya iso da sauri, murya ƙasa-ƙasa. "Mene ne haka? A gaban baƙi?"

"Ina kwana, Yaya."

"Mayar da bencin nan yadda kika same shi."

"Yanzu kuwa. Bari in gaisa da shi tukuna, mun kwana biyu ba mu haɗu ba."

Tartsatsi ya durƙusa yana leƙen ƙarfen da aka ɗaure kusurwa da shi. Ya sa farce ya kankare fentin. Sai ya saki salati da ƙarfi.

"Ɗigon walda uku a baki! Wallahi ko matata ta ga wannan ta san nawa ne!"

Rumfa ta fara motsi.

'Yar Kafinta ta miƙe, ta juya wajen mutane. Ba ta karɓi lasifikar Hedimasta ba. Mai magana a kan ƙarar inji kullum ba ta buƙatarta.

"Jama'a, wata biyar da suka wuce wani direba ya zo shagona. Ya ce maigidansa na son benci tamanin, za a kai wani ɗakin taro can nesa. Sharaɗi biyu ya kafa: kada a yi fenti, kada a buga hatimin shago. Ya yi mini tayin wulaƙanci, na karɓa. Kun san dalili? Domin a satin aka ce mana aikinmu ba ya ƙarko, ma'aikatana uku sun fara haɗa jaka za su tafi birni dako. Na ce gara su yi aikin banza a gaban iyayensu da su je su kwana a tasha."

Ta dafa bencin.

"Ga su nan sun dawo. Sun je birni sun yi wanka."

Dariya ta ɓarke ta wani gefen, ta wani gefen kuma salati.

Ɗan Kwangila ya cire tabarau. "Wannan ƙazafi ne! Kun ga tambarin kamfanina a jiki ko ba ku gani ba? Shugaba, haka ake karɓar baƙi a garinku?"

"Tambarin da aka manna da gam?" in ji ta. "Yallaɓai, kada mu ja ta da nisa. Benci tamanin ne. Zaɓi ɗaya. Kai da kanka, wanda ranka ya so."

"Ba ni da lokacin wasa."

"Ni ma ƙofa na bari rabi a shago. Zaɓi ɗaya. Zan cire ƙafarsa. A cikin ramin mahaɗar, inda fenti bai shiga ba, za ka ga lamba da jan fensir, a ƙarƙashinta an ja layi biyu. Idan babu, yau ɗin nan zan rufe shagon ubana, in miƙa wa Hedimasta makulli a gaban kowa."



"Auta, kin san abin da kike faɗa kuwa?" in ji Yaya.

"Na sani. Shi ne nake son ya sani."

Wani tsoho daga layin gaba ya ɗaga sanda. "Ɗan nan, zaɓi mana. Ai inji ne ya yanka, inji ba ya riƙe fensir."

Ɗan Kwangila ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ga idanu sun yi masa yawa. Ya nuna can ƙarshen mota, wanda ba a ko sauke ba.

"Wancan."

Tartsatsi ya haye motar da kansa, ya sauko da shi a kafaɗa.

Ta ɗora tsinin ƙusa a kan turken. Bugu ɗaya. Bugu biyu. A na uku turken ya fice ta baya ya faɗi a ƙasa. Ta murɗa ƙafar ta zare ta cikin sauƙi kamar mai cire takalmi, ba ta ko duba ba, ta miƙa wa Hedimasta bencin.

"Malam, kai ne mai karatu. Karanta mana."

Hedimasta ya gyara tabarau, ya karkata ramin wajen rana. Ya daɗe yana kallo. Ya manta lasifikar na kusa da bakinsa.

"Sittin da ɗaya," ya ce, harabar duka ta amsa. "Jan fensir. Layi biyu."

Wuri ya kaure.

Mai Bulo ya miƙe yana ɗaga hannu. "To ni ma ina da tambaya! Bulon da aka ce daga birni ya zo, me ya sa yake da tsagar injina a gefe?"

Tela na ihu daga baya, ba a jin abin da yake faɗa. Matan da suka ɗebi ruwa wata bakwai suka miƙe tsaye gaba ɗaya.

"Na saya!" Ɗan Kwangila ya ɗaga murya. "To na saya! Laifi ne? Na biya, ya zama nawa, in na ga dama in shafa masa ja, in na ga dama shuɗi!"

"Ban ce ba ka biya ba. Ka sayi katako, ka sayi gumina. Amma bakin da ka tsaya da shi yanzu ka ce ba irin na buga-mu-tafi ba ne, wa kake nufi? Ƙafarka na kan aikina kana zagina da shi." Ta matso taku ɗaya. "Tambayata ɗaya ce. Garin nan ko a taswira sai an sa tabarau. Wa ya gaya maka akwai mai irin wannan aiki a lungun nan? Wa ya nuna wa direbanka ƙofar shagona?"

Idonsa ne ya amsa. Ya zame a hankali, ya sauka a kan Yaya.

Kafin mutane su gama bin idon, Yaya ya damƙi hannunta ya ja ta zuwa ajin farko, ya turo ƙofar.

Ajin babu komai sai warin sabon siminti da baƙin allo da ba a taɓa rubutu a kai ba.

"Sakar mini hannu, Yaya."

Ya saka. Ya jingina da bango kamar wanda ya yi gudu.

"Kai ne?"

"Saurare ni tukuna."

"Kai ne, ko ba kai ba ne?"

"Ni ne."

Ta ɗauka idan ta ji za ta yi kuka. Ba ta yi ba.

"Ni na ce masa idan har zai karɓi aikin, to a hannunku zai saya," in ji shi. "Na yi ne don ku samu abin yi. Ba don ni ba, da ko ƙusa ɗaya ba za a saya a garin nan ba. Ma'aikatanki da kike magana, wa ya hana su tafiya? Ba aikin nan ba?"

"To sai in durƙusa in gode?"

"Ban ce haka ba."

"Ka ba mu aiki, ka ƙwace mana suna. Ka san abin da maganarka ta jawo? Tun ranar da ka ce aikinmu ba ya ƙarko, mutanen garin nan da na yi wa gadon aurensu sun koma hawa mota su je birni sayen kujera. Mai Bulo ya sallami mutum biyar. Tela ya sayar da keke ɗaya. Kuɗin garin nan ya fita ya tafi yawo, mu muna zaune muna kallon hanya. Yanzu yaro ya tashi ya ga ubansa na walda, ya ji shugaban gari ya ce aikin banza ne, me zai zaunar da shi?"

"Dole ce ta sa na faɗi wani abu."

"Wace dole? Takardunmu sun cika. Rajistar ƙungiya da ƙafata na je na yi, sau huɗu ina hawa mota. Wace dole ce, Yaya?"

Ya kau da kai.

"Nawa ya ba ka?"

Ya juyo da sauri, idonsa ya kaɗa. "Ni kike tambaya haka? Wallahi, Auta, ko ƙwandala ban ci ba. Ko ruwan roba ban sha na mutumin nan ba."

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ta yarda da shi. Tun suna yara Yaya bai iya ƙarya yana kallon mutum a ido ba. To idan ba kuɗi ba ne, mene ne?

Daga waje aka ji ƙarar mota tana shigowa harabar. Hayaniyar mutane ta sauka.

Yaya ya leƙa ta taga, ya dawo fuskarsa ta canza.

"Ta iso. Auta, don girman Allah. Idan matar nan ta ji abin da ya faru, za su soke tallafin gaba ɗaya. Asibitin ma ya tafi. Matan garin nan su ci gaba da haihuwa a bayan mota a kan hanya. Ni kuma kin san inda za a kai ni."

"Yanzu ka tuna da matan garin?"

"Ki bari a sa hannu yau. Gobe zan zauna da ke, komai kike so za a yi. Ƙofofin asibitin ma ke za ki yi."

"Ba fenti, ba hatimi?"

Ta matso kusa da shi.

"In yi, a kai birni a yi musu wanka, a dawo a ce mini in zo in ga aikin masu aiki?"

"Inna na zaune a rumfar can," ya ce a hankali. "Da ƙyar ta tako da sanda. Ki duba tsufanta. Kada ki sa ta ga 'ya'yanta biyu suna tona wa juna asiri a bainar jama'a."

Nan ya taɓa inda ke ciwo, kuma ya sani. Ta runtse ido. Ta tuna duk wuraren da ta yi shiru saboda irin wannan maganar. Ranar da aka ce mace ba ta gadon shago, ta yi shiru har sai da kowa ya ƙi karɓa, aka bar mata. Ranar taron ƙungiya, da ya ce ofis ya ƙi su, Tartsatsi ya so tashi, ita ta danne masa hannu ta ce yayana ne.

Ta buɗe ido.

"Yaya, wata biyar ina duba tsufan Inna. Kai sau nawa ka duba ubanmu da ke kwance a kabari? Aikinsa ne ka ce ba ya ƙarko."

Ta buɗe ƙofar ta fita.

Jami'ar ba irin wadda aka zata ba ce. 'Yar siririya, takalmi mara tsini, fayil a hammata. Ba ta nufi teburin manyan baƙi ba. Tana tsaye a gaban bencin da aka cire wa ƙafa, Ɗan Kwangila na gefenta yana zuba kamar famfo.

"Ƙaramar matsala ce, ranki ya daɗe, wajen saukewa ne ya gurɗe. Kin san leburorin ƙauye."

"Gurɗewa ce ta zare turke ta ajiye shi a gefe?" Ta ɗaga kai ta dubi jama'a. "Wa ya kwance wannan?"

"Ni ce."

Mutane suka dare, 'Yar Kafinta ta ratso. Ta ji Yaya na biye da ita, ba ta waiga ba.

"Me ya sa?"

"Don ni na haɗa shi, ranki ya daɗe. Shi da 'yan'uwansa saba'in da tara."

"Takardata ta ce a masana'antar kamfanin nan aka yi su."

"To a ba shi guduma ya mayar da ƙafar."

Ta miƙa wa Ɗan Kwangila gudumar, ƙota gaba. Ya kalle ta kamar an miƙo masa maciji.

"Ni ba lebura ba ne."

"Na ga alama."

Ta ɗauki ƙafar, ta zura, ta doka turken. Bugu uku. Ta juya bencin ya tsaya da ƙafafunsa, ta haye kansa da ƙafa biyu, ta yi tsalle sau ɗaya, ta sake yi. Ko motsi bai yi ba. Daga saman bencin ta ci gaba da magana, kowa na ganinta.

"An ce idan na buɗe baki za ku soke asibiti. To, ranki ya daɗe, ga bakina a buɗe. Idan taimakonku sai mun ce ba mu iya komai ba sannan zai zo, ku riƙe abinku. Makarantar nan da kanmu muka ɗebo yashinta. Ba sadaka muka roƙa ba, aiki muka nema. Muna da mai bulo, muna da mai walda, muna da tela, muna da kafinta. Ku ba mu da sunanmu, ku zo ku auna da ma'auninku. Wanda ya karye, ku kira mu da suna ku ci mana mutunci, mun yarda. Amma a daina ɗaukar guminmu ana kai shi yawo."

Tartsatsi ya zo ya tsaya a gefen bencin, ya harɗe hannu. Mai Bulo ya biyo shi. Tela ya taho yana gyara tef ɗin awo a wuya. Sai matan ɗibar ruwa, ɗaya bayan ɗaya, har aka daina ganin Ɗan Kwangila a bayansu.

Jami'ar ba ta yi tafi ba, ba ta kuma ɓata rai ba. Kallon 'Yar Kafinta kawai take yi, kallon mai haɗa wani abu a kai.

"Sauko, Malama. Ke ce shugabar ƙungiyar masu sana'ar garin nan?"

Ta sauko. "Ni ce."

"To akwai abin da ban gane ba." Ta buɗe fayil tana juya takardu. "Wa ya ce muku mun ƙi ku?"

"Haka aka gaya mana. Wai kun ce aikin ƙauye ba ya ƙarko."

"Ofishinmu bai taɓa faɗin haka ba. Ƙa'idarmu ma ita ce a fara ba 'yan gari. Ni na duba takardunku da hannuna. Ku muka zaɓa."

Kamar an ɗauke wutar garin gaba ɗaya.

"Mu?" in ji Tartsatsi. "Mu ɗin nan?"

"Ku. Saura kwana uku mu aiko muku, sai wannan ta iso."

Ta zaro takarda ɗaya ta ɗaga.

"Wasiƙar janyewa. Ta ce ƙungiyarku ta zauna ta ga ba ta da ƙarfin aikin, tana roƙon a ba wani. Shi ya sa muka nemi ɗan kwangila."

"Ƙarya ne!" 'Yar Kafinta ta ce. "Ba mu taɓa zama a kan haka ba. Duk wanda ya rubuta wannan, Allah ya isa tsakaninmu da shi. A nuna mini hannun da ya sa!"

Jami'ar ta miƙa mata.

Ta karɓa da ƙarfinta, a shirye take ta ga hannun jabu ta yi dariya. Idonta ya sauka ƙasan takardar.

Hannunta ne.

Ba kwaikwayo ba. Nata ne, da 'yar lanƙwasar da take yi a ƙarshe, da layi biyun da take ja a ƙasa.

"Hannunki ne ko ba naki ba?" in ji jami'ar.

Ta ji idanun da suka taru a bayanta sun fara nauyi. Tartsatsi ya leƙo ta kafaɗarta, ya ja baya a hankali.

"'Yar Kafinta," ya ce. "Ke?"

"Tsaya." Ta ɗaga masa hannu. "Tsaya, Tartsatsi."

Ta kai ido kan kwanan watan da ke sama. Ta karanta, ta sake karantawa. Ranar ba ta ɓacewa a kanta. Ranar da aka shiga da Inna ɗakin tiyata a asibitin birni. Tana zaune a baranda hankalinta duk na kan Inna, Yaya ya zo da takardu a kan fayil ya ce likita na jira, sa hannu nan, da nan, da nan. Ko layi ɗaya ba ta karanta ba.

Ta ɗago.

"Hannuna ne, ranki ya daɗe. Ba zan musa ba. Amma ban janye ba, kuma ba zan janye ba, ko yau ko gobe. Kada ki rufe fayil ɗin nan."

Ta juya. Yaya na tsaye inda ta bar shi, kansa a ƙasa.

"Yaya."

Bai ɗago ba.

"Ɗago ka dube ni. Ranar tiyatar Inna, takarda nawa likita ya ba ka?"

Ta ɗaga takardar a gaban fuskarsa.

"Uwarmu na kwance tsakanin rai da mutuwa, kai kana lissafin inda za ka cusa mini wannan? Faɗa wa mutanen nan! Takarda nawa likita ya ba ka?"

"Biyu ya ba shi."

Ba Yaya ne ya amsa ba.

Daga layin mata muryar ta fito, tsohuwar murya, ba rawa a cikinta. Inna ta dogara sanda ta miƙe. Wata ta kai hannu za ta taimaka mata, ta ture hannun.

"Ki daina yi wa ɗan'uwanki ihu a gaban mutane, Auta. Bai so ba, har kuka ya yi mini."

Ta ɗaga sandar ta nuna takardar da ke hannun 'yarta.

"Ta ukun nan, ni na ce ya saka ta a ciki."